Allurar da Bushiyar Teku Ba Ta Amsa Ba: Nazarin Lamarin Estiradiyol a Gaɓoɓin Haihuwarta

Idan aka kifar da bushiyar teku bakinta ya kalli sama, za a ga haƙora biyar farare sun haɗa kai a tsakiya, wata fata mai laushi ta kewaye su. Sauran jikin duk ɓawo ne mai tauri da ƙayoyi masu motsi, don haka wannan fata ita ce ƙofar da allura ta fi samun sauƙin shiga. Ta nan ne masu bincike a Jami'ar Milan ta ƙasar Italiya suka riƙa ɗura wa bushiyoyi estiradiyol, mako bayan mako, suna jiran su ga abin da zai sami gaɓoɓin haihuwarsu.

Estiradiyol ba ƙaramin sinadari ba ne. Shi ne babban homon na mace a jikin ɗan Adam da tsuntsu da kifi; homon kuwa sinadari ne da jiki ke yi don ya kai saƙo ga wata gaɓa. Ɗan kaɗan daga cikinsa idan ya shiga ruwan da namijin kifi yake ciki, hantarsa sai ta kama yin furotin ɗin gwaiduwar ƙwai, abin da mace ce kaɗai ya kamata ta yi. Amma bushiyar teku ta karɓi abin da aka ɗura mata, ta sarrafa shi, ta ci gaba da harkarta kamar ba a yi ba. Ƙwan bai yi saurin nuna ba, gaɓoɓin ba su ƙara girma ba.

Irin wannan sakamako ba kasafai yake jan hankali ba, domin mutane sun fi son jin an gano abu a kan jin an nema ba a samu ba. Ni kuwa a ganina yana cikin sakamako mafi daraja da aka samu a wannan fanni, saboda ya tilasta a sake duba wani zato da aka riƙe kusan shekara 80, wato cewa estiradiyol yana sarrafa haihuwar bushiyar teku kamar yadda yake yi a jikinmu.

Dabbar da ake magana a kanta

Bushiyar teku 'yar uwar tauraron teku ce da kokwambar teku, dukkansu daga rukunin dabbobi masu ƙayar fata. Ba ta da ƙashin baya, ba ta da ƙwaƙwalwa irin tamu, sai zoben jijiya da ya kewaye baki da rassa biyar da suka fita daga gare shi. Nau'in da aka yi gwajin a kansa shi ne *Paracentrotus lividus*, mazaunin duwatsun gaɓar Bahar Rum da gabashin Tekun Atlantika. Faɗin ɓawonsa ba ya wuce santimita 7, abincinsa kuma gansakuka da ciyawar teku.

Idan aka sa almakashi aka zagaye ɓawon aka buɗe, abin da ido zai fara gani shi ne tsoka biyar masu launin ruwan lemo, manne da bangon ciki, kowace kamar ɓaren lemo. Su ne gaɓoɓin haihuwa: ma'ajiyar ƙwai ga mace, gwaiwa ga namiji. Daga waje ba a iya bambance mace da namiji. Kowace gaɓa tana da ƙaramar ƙofa a saman ɓawo, inda ƙwai ko maniyyi ke fita zuwa cikin ruwa, a can suke haɗuwa. Wannan tsoka ce ake ci a Japan da sunan uni, kuma ita ce ta sa kiwon bushiyar teku ya zama sana'a.

Akwai wani abu game da waɗannan gaɓoɓi da sai an riƙe shi kafin a fahimci sauran labarin. Aiki biyu suke yi. Suna yin ƙwai ko maniyyi, sannan su ne rumbun dabbar. A cikinsu akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta masu tara furotin da kitse da sitaci a lokacin yalwar abinci. Idan lokacin haihuwa ya gabato sai su juye abin da suka tara ga ƙwai ko maniyyin da ke girma, su kuma su tsotse. Saboda haka girman gaɓar bushiya ba lallai ya nuna tana dab da haihuwa ba, wani lokaci ƙoshi kawai yake nunawa. Kuma duk wani abu mai narkewa cikin kitse da ya shiga jikin dabbar, akwai yiwuwar a nan zai tare. Estiradiyol kuwa yana cikin dangin sinadaran da ake kira sitiroyid, kuma sitiroyid yana narkewa cikin kitse.

Yadda zaton ya samo asali

A shekarar 1937 wasu masu bincike biyu, Donahue da Jennings, suka ba da rahoton cewa ruwan da aka tatsa daga ma'ajiyar ƙwan bushiyar teku yana da aiki irin na homon ɗin mace. A farkon shekarun 1960 Botticelli da Hisaw da Wotiz suka ce sun sami estiradiyol da furojesteron a jikin tauraron teku da wata bushiya ta gaɓar yammacin Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma ƙungiyar Peter Voogt a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan ta daɗe tana bin sawun waɗannan sinadarai a jikin tauraron teku.

Tunanin da ya biyo baya mai sauƙin fahimta ne. Masu ƙayar fata suna kusa da mu a bishiyar halitta fiye da yadda ƙwari ko katantanwa suke. Ga estiradiyol a ma'ajiyar ƙwai, ga testosteron, homon na namiji, a gwaiwa. Me zai hana a ce aikin da suke yi a jikinmu shi suke yi a nasu? Bayan haka aka sami na'urar awo mai amfani da garkuwar jiki wadda ke iya gano ɗigon da ido ba ya gani, sai rahotanni suka yi ta fitowa cewa adadin sinadaran yana hawa yana sauka tare da watannin shekara. Ƙungiyar Milan ɗin ma da kanta ta wallafa irin wannan a 2007, inda ta jera matakan nunar ƙwai da maniyyi kusa da adadin testosteron da estiradiyol a jikin *Paracentrotus lividus*.

Sai dai tafiya tare ba ta nuna wane ne ke jan wani. A lokacin da gaɓa ke cika da kitse, duk abin da ke maƙale wa kitse zai ƙaru a cikinta, ko yana da aiki ko ba shi da shi.

Abin da gaɓoɓin ke yi wa sitiroyid

Nan ne lamarin ya fi daɗin nazari, domin a nan shaidar tana da ƙarfi kuma ba mai musunta ta.

A jikin mai ƙashin baya hanyar a shimfiɗe take. Ana farawa da kolestarol mai ƙwayar kabon 27. Wani enzayim, wato furotin mai juya sinadari zuwa wani, da ake kira CYP11A ya yanke masa wutsiya, ya zama firegninolon mai kabon 21. Daga nan a samu furojesteron. Enzayim na gaba, CYP17, ya rage kabon biyu, a samu andurostindiyon mai 19, wanda ake juyawa ya zama testosteron. A ƙarshe aromatas, wato CYP19, ya cire kabon ɗaya ya gyara zoben farko, sai ga estiradiyol mai kabon 18. Kowane mataki da ma'aikacinsa. Idan na farko ya ƙi aiki, babu abin da zai fito a ƙarshe.

Yadda ake gwada ko wata gaɓa tana da waɗannan ma'aikata shi ne a yanko ɗan yanki daga gare ta, a sa a kwalba da ruwan gishiri, a zuba masa sitiroyid da aka yi wa alama da wani nau'in haidurojin mai fitar da haske da na'ura ke ji. Bayan 'yan sa'o'i sai a tace, a raba abin da ya fito, a bi alamar a ga inda ta shiga. Ƙungiyar Stephen Watts a Jami'ar Alabama da ke Birmingham ta Amurka ta yi wannan aiki sosai a shekarun 1990 zuwa 2000, tare da Kristina Wasson da Gene Hines, a kan *Lytechinus variegatus*, bushiyar Mashigin Tekun Meksiko. A Basalona ta Sifaniya kuma Cinta Porte da Gemma Janer suka yi makamancinsa a kan bushiyar Bahar Rum wajen 2005.

Abin da suka samu ya nuna gaɓar bushiya ba ta wasa da sitiroyid. Aka ba ta andurostindiyon, ta mayar da wani ɓangare testosteron. Amma ba a nan ta fi ba da ƙarfi ba. Yawancin aikin yana tafiya ne ta hannun wani enzayim mai suna 5-alfa-ridaktas, wanda ke kwance wani ɗauri mai ninki biyu a zoben farko, sannan wasu enzayim su biyo baya su liƙa haidurojin a nan da can. Furojesteron ma haka ta yi masa, a ma'ajiyar ƙwai da gwaiwa duka. Daga nan sai mataki na ƙarshe, wanda ni ya fi ɗaukar hankalina: ta ɗauki sitiroyid ɗin ta ɗaure shi da doguwar sarƙar kitse. Sitiroyid da aka ɗaure haka ba ya iya zama a kan makarɓinsa, wato furotin ɗin da ke karɓar saƙonsa a cikin ƙwayar halitta, ba ya yawo cikin ruwan jiki, sai dai ya kwanta cikin kitsen gaɓar. Wani ɓangaren kuma a liƙa masa salfet, wanda ke sa shi narkewa cikin ruwa yadda zai yi sauƙin fita.

Wanda ya riga ya yarda cewa waɗannan homon ne zai kalli wannan ya ce ga shi nan, gaɓar tana sarrafa homon ɗinta. Amma a lura da yadda gwajin yake. Mai bincike ne ya kawo andurostindiyon ya zuba. Gaɓar ba ta nuna ta iya yin sa daga kolestarol ba, ta nuna ne kawai ta san abin da za ta yi da shi idan ta same shi. Wanda aka miƙa wa zare ya saƙa ya nuna ya iya saƙa, bai nuna yana da gonar auduga ba.

Sannan su kansu enzayim ɗin ba na haihuwa kaɗai ba ne. Tsofaffin ma'aikata ne da ake samu ko'ina cikin halitta, kuma ba su da tsananin zaɓe a kan abin da suke kamawa. Misali mafi ƙarfi daga tsiro ya fito. A tsakiyar shekarun 1990 aka gano cewa wani ɗan tsiro da ake yawan gwaji da shi, *Arabidopsis*, yana da enzayim mai suna DET2, ɗan uwan 5-alfa-ridaktas na jikinmu. Aikinsa a tsiro shi ne haɗa wani sinadarin girma. Amma idan aka ba shi testosteron ko furojesteron, yana sarrafa su yadda namu yake yi. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa tsiron yana balaga da testosteron. Adalci ya nuna kada a karɓi irin wannan hujja ga bushiyar teku ma.

Akwai ƙari. An sami irin wannan sarrafawa a hanjin bushiyar, wani lokaci da ƙarfi sosai. Hanji kuwa shi ne mashigar duk abin da dabba ta ci, mai kyau da mai cutarwa, kuma a nan ake sa ran samun masu tsare ƙofa.

Gwajin kansa

Me ake bukata kafin a kira abu homon? Tun 1849 Arnold Berthold ya nuna hanya a birnin Göttingen na Jamus. Ya fidiye zakaru, sai tukkunsu ya ƙi girma, suka daina cara da faɗa. Ya dasa wa wasu gwaiwa a cikin ciki, sai suka girma zakaru sosai. An cire, aiki ya tsaya. An mayar, aiki ya dawo. Daga baya ilimi ya ƙara sharuɗɗa: dabbar ta zama ita ke yin sinadarin da kanta, ya kasance akwai makarɓi da ke jin sa, kuma ɗan adadin da ke jikinta ya isa ya kawo sauyi.

A jikin bushiya ba a iya fidiya, domin gaɓoɓin suna cikin ɓawo kuma su ne rumbun abinci. Abin da ya rage shi ne a ƙara sinadarin a gani. An gwada ta hanyar abinci tun kafin Milan. A Japan, Tatsuya Unuma da abokan aikinsa suka ciyar da ƙananan *Pseudocentrotus depressus* abinci mai sitiroyid iri-iri, rahotonsu na 1999 ya nuna an ga sauyi a maza da wasu daga cikin sinadaran, mata kuwa ba su motsa ba. Ƙungiyar Watts ta yi nata a 2000 da estiradiyol da furojesteron da testosteron. Idan aka jera irin waɗannan rahotanni gefe da gefe, ba sa faɗin magana ɗaya. Abin da ya yi tasiri a wannan nau'i bai yi a wancan ba, abin da ya taɓa namiji bai taɓa mace ba. Homon na gaskiya ba haka yake ba. Estiradiyol a jikin kifi, a ko'ina aka gwada, amsa ɗaya yake bayarwa.

Ciyarwa kuma tana da matsalarta. Bushiya tana ci a hankali, tana goga abinci da haƙora, wani ya narke cikin ruwa, wani hanji ya sarrafa shi kafin ya kai ko'ina. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan adadin da ya isa ga gaɓar. Wannan ne ya sa Michela Sugni da Silvia Mercurio da abokan aikinsu a Milan suka zaɓi allura kai tsaye cikin ruwan da ya cika cikin ɓawo, wanda gaɓoɓin haihuwa ke kwance a cikinsa. Aka raba bushiyoyi rukuni-rukuni, wasu aka ba su kaɗan, wasu da yawa, wasu kuma ruwa kawai don a gwada da su. Rahoton farko ya fito a 2012, wanda ya fi zurfi kuma a 2015 a mujallar *Steroids*, tare da haɗin gwiwar ɗakin binciken Porte.

Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne ba su tsaya ga allura kawai ba. Sun koma sun auna, suka tabbatar estiradiyol ɗin ya hau a jikin dabbobin da aka yi wa. Saboda haka ba mai iya cewa maganin bai shiga ba. Sannan suka auna nauyin gaɓoɓi a kan nauyin jiki, suka yanka su siriri suka duba a madubin ƙara girma don ganin matakin da ƙwai da maniyyi suka kai. Babu wani bambanci mai ma'ana tsakanin waɗanda aka ɗura wa homon da waɗanda aka ɗura wa ruwa. Abin da ya fito fili shi ne jikin dabbar yana da hanyoyin rage abin da ya yi masa yawa. Daga baya Mercurio da Sugni suka raba ƙwayoyin ma'ajiyar ƙwai suka rene su a faranti, suka zuba musu estiradiyol da testosteron kai tsaye, ba hanji ba ɓawo a tsakani. Nan ma ba a ga abin da ake nema ba.

Ya kamata a yaba wa waɗannan mutane. Su ne suka wallafa rahoton 2007 mai nuna alaƙa tsakanin sitiroyid da nunar ƙwai. Da sun so, da sun tsaya a nan. Suka ɗauki zaton nasu suka kai shi wurin da zai iya karyewa, ya karye, suka kuma rubuta hakan da hannunsu.

Shaidar kundin gado

Kafin wannan gwaji, wata shaida ta riga ta iso ta wata hanya dabam. A watan Nuwamba na 2006 mujallar *Science* ta wallafa kundin gadon *Strongylocentrotus purpuratus*, bushiya mai launin shuɗi-ja ta gaɓar Kalifoniya: haruffan sinadarin gado kusan miliyan 814, ƙwayoyin gado kimanin 23,300. Aka shiga bincike a ciki. An sami ƙwayoyin gado na dangin CYP kusan 120, adadin da ya ninka na ɗan Adam, kuma da yawansu irin waɗanda ke kare jiki ne daga baƙin sinadarai. Amma aromatas, mai yin estiradiyol, ba ya cikinsu. Shi ma mai yanke wutsiyar kolestarol irin na masu ƙashin baya babu shi. Aka duba makarɓa, ba a sami makarɓin estiradiyol irin namu ba, sai wani ɗan uwansa na nesa wanda ba ya kama estiradiyol.

A 2009 Gabriel Markov da Vincent Laudet da abokan aikinsu a Faransa suka bi tarihin waɗannan ƙwayoyin gado a faɗin dabbobi, suka nuna cewa kowane babban rukuni ya gina nasa tsarin sitiroyid da kansa. Ƙwari suna da nasu na saɓa, masu ƙashin baya suna da nasu na haihuwa. Aromatas bai bayyana ba sai a reshen da ya haɗa mu da wata 'yar dabbar teku mai kama da kifi da ake kira amfiyoksas, bayan an riga an rabu da kakannin bushiya.

Ma'aikacin farko babu, na ƙarshe babu, mai karɓar saƙo babu. Abin da ke akwai su ne na tsakiya, waɗanda ke juya abu su ɗaure shi su ajiye.

To daga ina sinadarin yake zuwa?

Wani ɓangaren amsar yana cikin na'urar awo. Awon da ke amfani da garkuwar jiki an ƙera shi ne don jinin mutum, inda aka san abin da ke ciki. Idan aka zuba masa ruwan gaɓar bushiya mai cike da kitse da sinadaran da ba a sani ba, garkuwar tana iya kama abin da ya yi kama da estiradiyol ta ƙirga shi. Na'urar da ke auna nauyin ƙwayar sinadari ita ce ke raba gardama, kuma tsofaffin rahotanni da yawa ba su bi ta cikinta ba.

Sauran amsar tana cikin ruwa. Kowane mai ƙashin baya yana zubar da sitiroyid ta fitsari da kashi, kifi kuma har ta gaɓoɓin numfashinsa. Kifaye sun cika teku tun kafin a yi birane, yanzu kuma ga magudanan birane da na gidajen dabbobi suna ƙarawa. Alexander Scott, na cibiyar binciken kifi ta gwamnatin Birtaniya da ke Weymouth a Ingila, ya yi dogon nazari a 2012 da 2013 a kan dabbobi masu ƙumba, a 2018 kuma ya faɗaɗa tambayar ga marasa ƙashin baya gaba ɗaya. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙumbar teku tana zuƙe estiradiyol daga ruwa da sauri, ta ɗaure shi da kitse, ta riƙe shi na makonni. Bushiya tana da irin wannan enzayim mai ɗauri, tana zaune a gaɓa inda ruwan birni ke sauka, tana kuma goge duwatsu da bakinta. Bayanin da ya fi dacewa da dukkan shaidun shi ne aƙalla wani kaso na sitiroyid ɗin da ake samu a gaɓoɓinta baƙo ne da ta karɓa ta killace.

Inda ya kamata a yi hattara

Kada wani ya karanta wannan ya ce ashe zubar da homon cikin teku ba ya cutar da bushiya. Wannan wata magana ce dabam, kuma shaida ta saɓa mata. A 2005 Troy Roepke da Mark Snyder da Gary Cherr, a ɗakin binciken teku na Bodega a Kalifoniya, suka nuna estiradiyol da wasu sinadarai masu kwaikwayonsa suna ɓata girman 'yan tayin bushiya a cikin ruwa. Babbar bushiya tana da rumbun kitse da enzayim da za su kare ta. Ɗan tayi mai kwana ɗaya yana yawo tsirara cikin ruwa. Abu yana iya zama guba ga dabba ba tare da ya zama homon ɗinta ba.

Haka kuma batun fentin jiragen ruwa. Sinadaran kuza da ake sa wa cikin fenti don hana ƙumba maƙalewa a ƙasan jirgi sun yi ɓarna mai yawa: sun lalata kiwon kawa a Arcachon da ke gaɓar Faransa, har ƙasar ta hana amfani da su a ƙananan jirage a 1982, sun kuma sa matan wata katantanwar teku suna fitar da al'aurar namiji. Yarjejeniyar duniya da ta haramta su ta fara aiki a watan Satumba na 2008. Shekaru da dama ana bayyana wannan ɓarna da cewa sinadarin yana toshe aromatas ne sai testosteron ya taru. A 2006 Ramón Lavado da ƙungiyoyin Basalona da Milan suka nuna cewa ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai yana sauya yadda *Paracentrotus lividus* ke sarrafa sitiroyid. Sauyin gaskiya ne. Amma a katantanwa, bincike daga 2004 ya karkata ga wani makarɓi dabam mai suna RXR, wanda sinadarin ke kamawa kai tsaye. Da an manne wa bayanin testosteron, da an daɗe ana neman ɓarawo a gidan da bai shiga ba. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin lamarin ya wuce gardamar masana. Idan ana so a kare dabbobin gaɓar teku, dole gwajin da ake yi wa sababbin sinadarai ya auna abin da ke aiki a jikinsu da gaske.

Ga masu kiwon bushiya kuwa, darasin a aikace yake. Abin da suke so shi ne gaɓa mai cika da ba ta kai ga zubar da ƙwai ba, domin a lokacin ta fi ƙarfi da daɗi. Abubuwan da aka tabbatar suna juya wannan su ne abinci da zafin ruwa da tsawon yini. Tun 1986 John Pearse da abokan aikinsa a Santa Cruz ta Kalifoniya suka nuna cewa idan aka juya wa bushiyar Kalifoniya hasken fitila, aka ba ta gajerun ranaku a lokacin da na waje ke da tsawo, sai lokacin yin ƙwanta ya juya da wata shida. Fitila ta yi abin da allurar estiradiyol ta kasa.

Saƙon da ke tashi daga haske zuwa gaɓa dole ya bi ta wata hanya, kuma 'yan uwan bushiya sun nuna inda za a duba. A 1959 Chaet da McConnaughy suka gano cewa ruwan jijiyar tauraron teku yana sa shi zubar da ƙwai. A 1969 Haruo Kanatani ya gano sinadari na biyu a layin, 1-metiladenin, wanda ma'ajiyar ƙwai ke fitarwa don ƙwan ya nuna. Sai a 2009 Masatoshi Mita da abokan aikinsa suka tantance na farkon: ɗan guntun furotin ne, dangin wani homon na jikinmu mai suna rilaksin, ba sitiroyid ba. A shekarar ce kuma aka gano wani guntun furotin mai irin wannan aiki a kokwambar teku ta Japan. Waɗannan sun cika sharuɗɗan homon: dabbar ke yin su, ɗigo kaɗan ya isa, kuma duk lokacin da aka gwada amsa ɗaya ce.

Bushiya ta bambanta da tauraron teku ta fuska ɗaya mai muhimmanci, domin ƙwanta yana gama nuna ne a cikin ma'ajiya tun kafin ya fita, saboda haka ba za a ɗauki tsarin tauraro a ɗora mata kai tsaye ba. Amma kundin gadonta yana ɗauke da guntayen furotin na jijiya masu yawa, kuma can ne masu bincike suka karkata yanzu. A ɗakunan gwaji, idan ana bukatar ƙwai, ana ɗaukar sirinji a ɗura ruwan gishirin fotasiyam kuloraid ta wannan fata mai laushi ta gefen baki. Tsokar bangon gaɓoɓin sai ta matse. A ɗora dabbar a bakin kofi cike da ruwan teku, ƙofofinta biyar suna taɓa ruwan, cikin 'yan mintuna a ga zare biyar na ƙwai masu launin lemo suna gangarawa ƙasan kofin.